Daga Malamin En'e zuwa Masanin Kimiyyar Siyasa: Cibiyar Kongo da Tarihin Aikin Mulkin Ƙananan Hukumomi a Arewacin Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Daga cikin ayyukan da ilmin boko ya haifar a Arewacin Nijeriya, da wuya a sami wanda ya ga sauye-sauye kamar aikin tafiyar da mulkin ƙananan hukumomi. A shekarun 1940, wanda ake kira malamin En'e yakan kama aiki ne da ilmin elementare ko na midil, sauran kuwa ya koye shi a bakin aiki, a gaban hakimi ko ma'aji, kuma da Hausa yake rubuta mafi yawan takardunsa. Bayan shekara arba'in, wanda ya gaji kujerarsa yana iya kasancewa mai difloma ko digiri a fannin mulki, malaman da suka koyar da shi kuwa masana kimiyyar siyasa ne waɗanda suka yi suna a jami'o'i.

Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda wannan canji ya auku, tare da ɗaukar Cibiyar Koyar da Sha'anin Mulki ta Kongo da ke Zariya a matsayin abin misali, domin kuwa a nan ne aikin ya fara zama fannin da ake karantawa a aji. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, ilmin ma'aikacin ya riƙa ƙaruwa ne a daidai lokacin da ikon hukumar da yake yi wa aiki yake raguwa, sannan harshen da yake aiki da shi ya riƙa yin nisa da harshen jama'ar da yake yi wa hidima. Saboda wannan dalili na biyu, batun ya shafi masana harshe kamar yadda ya shafi masana siyasa.

2.0 En'e da Ma'aikatanta

Kalmar En'e ta samo asali ne daga haruffan farko na sunan da Turawa suka laƙaba wa hukumomin gargajiya, wato N da A, waɗanda Hausawa suka lanƙwasa zuwa lafazinsu. Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya bar tsarin sarauta a kan matsayinsa, ya ɗora wa sarakuna karɓar haraji da shari'a da kiyaye zaman lafiya, a ƙarƙashin sa-idon Razdan da Di'o. Dokar haraji ta 1906 ta tattara kuɗaɗe iri-iri da ake karɓa a da, ta tsara su a ƙarƙashin doka guda. Amma abin da ya mai da wannan tsari cikakkiyar hukuma shi ne baitulmali. An fara gwada shi a Katsina lokacin da Palmer yake jami'in mulki a can, zuwa 1911 kuma ya fara bazuwa a sauran manyan masarautu. Tun daga nan aka rarrabe dukiyar sarki da ta hukuma, sarki da hakimai da alƙalai suka koma cin albashi, aka kuma shiga tsara kasafin kuɗi na shekara-shekara. Dokar En'e ta 1916, da wadda aka sabunta a 1933 zamanin Gwamna Cameron, su suka ba wannan tsari ƙarfin doka.

Babbar En'e irin ta Kano ko Sakkwato ko Borno kusan gwamnati ce sukutum. Tana da baitulmali a hannun ma'aji, da 'yan doka a ƙarƙashin Wakilin Doka, da gidan yari, da kotunan alƙalai, da makarantun elementare, da ɗakunan shan magani, da gandun daji, da kasuwanni da hanyoyi. En'e ta Kano har asibiti ta gina, wato Asibitin Birni wanda daga baya aka sa wa sunan Murtala Muhammad, ta kuma kawo wa birnin ruwan famfo da lantarki a farkon shekarun 1930. Kuɗin waɗannan ayyuka daga haraji da jangali suke fitowa, waɗanda mai unguwa da dagaci da hakimi suke tarawa, En'e ta riƙe kasonta ta miƙa wa gwamnati nata.

Irin wannan hukuma tana bukatar ma'aikata, kuma daga cikinsu ne mafi yawan shugabannin Arewa na farko suka fito. Ahmadu Bello ya gama Kwalejin Katsina a 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato, aka naɗa shi hakimin Rabah a 1934, sannan aka tura shi Gusau a 1938. Abubakar Tafawa Ɓalewa malamin makaranta ne a Bauci. Ibrahim Dasuƙi ya fara aiki ne a matsayin akawu a baitulmalin Sakkwato bayan ya gama Kwalejin Kaduna a 1943. Matakalar aikin a bayyane take: daga malamin hakimi ko malamin haraji, mutum ya hau zuwa akawun baitulmali, in ya yi sa'a ya kai magatakarda ko ma'aji. Sai dai ba ƙwarewa kaɗai ke kai mutum sama ba. Asali da biyayya da kusanci da fada sun fi takardar shaida tasiri, kuma babu wata hukuma mai zaman kanta da za ta kare ma'aikacin da sarki ya juya wa baya. Talaka kuwa ya san En'e ne ta fuskar haraji da aikin tilas da bulalar ɗan doka, abin da ya sa jam'iyyar NEPU, tun kafuwarta a Agusta 1950, ta ɗauki yaƙi da zaluncin En'e a matsayin babban aikinta.

2.1 Harshen Aiki

A mafi yawan lardunan Arewa, Hausar boko ita ce harshen ofis na En'e. Da ita ake rubuta rasit na haraji, da wasiƙun hakimi zuwa ga sarki, da rahoton kasuwa, da bayanin zaman majalisa, yayin da Larabci yake da matsayinsa a kotunan alƙalai. Jami'an mulki na Turawa su kansu sai sun ci jarrabawar harshe kafin a tabbatar da su, kuma Hausa ce mafi yawansu suke ɗauka. Wannan ya sa harshen ya tara kalmomin mulki daga tushe uku: na gida, kamar dagaci da jangali da gunduma da yari, na Larabci, kamar baitulmali da majalisa da hukuma da haraji, da na Ingilishi da aka Hausantar, kamar Razdan da Di'o da akawu da rasit da ofis. Kalmar kantoma ma daga nan take, domin asalinta sunan Baturen da ke mulkin bariki ne.

Ya kamata a lura da cewa wannan matsayi na Hausa bai yi wa kowa daɗi ba. A wasu sassa na lardunan Zariya da Bauci da Adamawa da Filato, inda jama'a ke da harsunansu, Hausa ta zo ne tare da hakimin da aka ɗora musu, don haka suka ɗauke ta harshen mai karɓar haraji. Duk da haka, gaskiya ce cewa miliyoyin mutane sun iya jin abin da aka rubuta a kansu idan an karanta musu, kuma suna iya kai ƙara ba tare da tafinta ba.

3.0 Guguwar Gyara, 1947 zuwa 1954

A 1947 Sakataren Ƙasashen Mulkin Mallaka na Ingila, Arthur Creech Jones, ya aike wa gwamnonin Afirka takarda yana neman a kafa ƙananan hukumomi masu inganci waɗanda jama'a ke da wakilci a cikinsu. Jihar Gabas ta amsa da dokarta ta 1950, Jihar Yamma kuma da tata ta 1952, dukkansu bisa tsarin majalisun Ingila. A Arewa kuwa, daga cikin gida kiran ya fito. A watan Agusta 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar da batu a Majalisar Wakilai ta Kaduna, inda ya soki tsarin da ya tara iko duka a hannun sarki shi kaɗai, ya yi magana a kan cin hanci, ya kuma nemi a kafa kwamitin da zai bincika tsarin En'e gaba ɗaya. Wannan ne ya jawo binciken da jami'ai biyu, Maddocks da Pott, suka gudanar, sannan aka kai ga Dokar En'e ta 1954. A ƙarƙashin gyare-gyaren wannan lokaci, hukuma ta tashi daga sarki shi kaɗai ta koma sarki tare da majalisarsa, aka kuma buɗe ƙofar kafa majalisun gunduma da na ƙauye masu zaɓaɓɓun wakilai.

Sabuwar doka ta haifar da sabuwar bukata. Majalisa tana son wanda ya san ƙa'idar zama da rubuta abin da aka zartar. Baitulmalin da kuɗinsa ke ƙaruwa yana son wanda ya iya lissafi na zamani. Ahmadu Bello, wanda ya halarci kwas a kan mulkin ƙananan hukumomi a Ingila a 1948, shi ne ya riƙe ma'aikatar ƙananan hukumomi ta Jihar Arewa kafin ya zama Firimiya a 1954, don haka ya san inda gizo ke saƙa. Matsalar ba ta rashin doka ba ce kawai, har da ta rashin horarrun mutane.

4.0 Cibiyar Kongo

Cibiyar ta fara ne a matsayin makarantar horar da akawuna a ƙarshen shekarun 1940. A 1954, wato shekarar da aka yi Dokar En'e, aka ɗaga matsayinta zuwa Cibiyar Koyar da Sha'anin Mulki. Ɗalibanta na farko ba yara ba ne. Mutane ne da suka riga suka daɗe a bakin aiki: akawunan baitulmali, malaman hakimai, magatakarda, hakimai, har da 'yan majalisar sarki, waɗanda En'e-En'ensu ke turowa su yi makonni ko watanni su koma. Saboda da yawa daga cikinsu ba su da Ingilishi mai zurfi, Hausa ta sami gurbi a ajin, musamman a gajerun kwasa-kwasai.

Abubuwa biyu suka ƙara wa cibiyar nauyi kafin samun mulkin kai. Na farko shi ne manufar gwamnatin Sardauna ta ɗora 'yan Arewa a kan muƙaman gwamnati. Daga 1957 aka fara kwas na horar da matasa domin su zama mataimakan Di'o, su gaji Turawan da ke shirin tafiya. Na biyu shi ne gyaran shari'a. Da aka zartar da sabon kundin laifuffuka na Jihar Arewa a 1959, ya fara aiki a 1960, cibiyar ce aka ɗora wa nauyin koya wa alƙalai da ma'aikatan kotu yadda za su yi aiki da shi. S. S. Richardson, wanda ya yi fice a wannan aiki, shi ne ya zama daraktan cibiyar a farkon shekarun 1960. A 1963 kuma M. J. Campbell ya fitar da littafinsa a kan doka da aikin ƙananan hukumomi a Arewacin Nijeriya, wanda ya daɗe yana zama abin dogaron ɗalibai.

A 1962 aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello, aka shigar da cibiyar cikinta tare da Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya da tashar binciken aikin gona ta Samaru da kwalejin da ke Kano. Wannan shi ne babban juyi a tarihin aikin. Aka ƙulla alaƙa da Jami'ar Pittsburgh ta Amurka da tallafin hukumar USAID, malamai suka zo daga can, ɗalibai kuma suka tafi ƙaro ilmi. Aka fara ba da difloma da digiri a fannin mulki da na shari'a. Daga wannan lokaci, sanin mulki ya zama abin da ake aunawa da jarrabawa da takardar shaida, kuma sharaɗin shiga ya zama cin Ingilishi. Abin da aka samu a fili yake: ɗan talakan da ya yi ƙwazo yana iya hawa matakin da a da sai ɗan sarauta. Abin da aka rasa bai fito fili nan da nan ba, wato tsohon ma'ajin da ya shekara talatin yana riƙe da littafin kuɗi da Hausa ya zama ba shi da abin da zai nuna a gaban sabon tsari.

Wani abu da ya faru a daidai wannan lokaci ya nuna inda iko ya karkata. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta naɗa D. J. M. Muffett ya binciki kuɗin En'e ta Kano, binciken da ya kai ga murabus na Sarki Muhammadu Sanusi a 1963. En'e mafi arziki a Arewa ke nan ta sunkuya wa Kaduna.

5.0 Shigowar Masana Kimiyyar Siyasa

Rubuce-rubucen farko na zamani a kan mulkin Arewa baƙi ne suka yi su, ko 'yan wasu sassan Nijeriya. M. G. Smith ya fitar da nazarinsa a kan sarautar Zazzau a 1960, Billy Dudley a kan jam'iyyu da siyasar Arewa a 1968, C. S. Whitaker a kan dangantakar gargajiya da siyasar zamani a 1970, John Paden kuma a kan addini da siyasa a Kano a 1973. Whitaker ya nuna cewa zaɓe da jam'iyyu ba su kawar da sarauta ba, sun zauna ne tare da ita kowane yana amfana da ɗan'uwansa. A Zariya, sashen nazarin gwamnati ya ginu a hannun malamai irin su James O'Connell, daga nan kuma 'yan ƙasa suka fara karɓar ragama.

Mutum biyu sun isa misali. Ali D. Yahaya ya fitar da littafinsa a 1980 a kan tsarin En'e daga 1950 zuwa 1970, inda ya ɗauki En'e ta Zazzau a matsayin filin nazari. Ya dubi En'e a matsayin fagen siyasa mai masu ruwa da tsaki, wanda ke ja-in-ja da gwamnatin jiha da jam'iyyu da 'yan adawa, maimakon kallon da aka saba yi mata na injin karɓar haraji kawai. Shekarar 1970 da ya tsaya a kanta ba ta zo bisa kuskure ba, domin a lokacin da littafin ya fito, hukumar da ya nazarta ta riga ta zama tarihi.

Na biyu shi ne Mahmud Tukur, mutumin Yola, wanda rayuwarsa ta haɗa ɓangarorin aikin duka. Ya yi aikin gwamnatin Jihar Arewa, ya riƙe daraktan cibiyar Kongo daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa tsakiyar 1970, ya zama shugaban farko na Jami'ar Bayero ta Kano, sannan ya riƙe ministan ciniki da masana'antu daga 1984 zuwa 1985. Ya rasu a 2021. Abin da ya bambanta shi da takwarorinsa shi ne inda ya nemi tushen iliminsa. A bincikensa na digiri na uku, da littafin da ya fitar a 1999 a kan shugabanci da mulki a Nijeriya, ya koma ga rubuce-rubucen shugabannin jihadin Sakkwato, yana mai kafa hujja da cewa ƙa'idojin adalci da shawara da riƙon amana da sauƙaƙa wa talaka da ke cikinsu suna iya zama ginshiƙin aikin gwamnati na zamani. Littattafai irin su Kitabul Farƙ na Shehu Usmanu, da Liya'ul Hukkam na Abdullahi ɗan Fodiyo, da Usulus Siyasa na Muhammadu Bello, sun tattauna zaɓen ma'aikata da dukiyar jama'a da haƙƙin talakawa fiye da shekara ɗari kafin a gina Kongo. Ke nan tunani a kan mulki ba da Turawa ya iso Arewa ba. Sai dai abin lura shi ne, wannan kira na komawa gida da Ingilishi aka yi shi, kuma masu jin Ingilishi ne suka karanta shi.

6.0 Gyaran 1976 da Abin da Ya Biyo Baya

Tun kafin 1976 aka fara fige En'e. Bayan ƙirƙiro jihohi 12 a 1967, gwamnatocin soja suka karɓe kotuna da gidajen yari da 'yan doka, aka kuma rarraba manyan En'e-En'e a wasu jihohi. A watan Agusta 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta fitar da ƙa'idojin gyaran ƙananan hukumomi, da gabatarwar Birgediya Shehu Musa 'Yar'aduwa. A karo na farko aka yi tsari ɗaya ga ƙasa baki ɗaya, aka amince da ƙaramar hukuma a matsayin mataki na uku na gwamnati, aka ƙayyade yawan jama'arta tsakanin 150,000 da 800,000, aka kafa guda 301, aka kuma yi zaɓe a Disamba na shekarar. Sarakuna suka koma majalisun masarauta masu ba da shawara. Tsarin mulki na 1979 ya tabbatar da zaɓaɓɓun majalisu a sashe na 7, ya kuma jera ayyukansu a jadawali na huɗu.

Ta fuskar ma'aikaci, wannan gyara ya cika burin da aka daɗe ana nema. Aka kafa hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi a kowace jiha, wadda ke ɗaukar manyan ma'aikata da yi musu ƙarin girma da sauyin wurin aiki, aka daidaita albashinsu da na ma'aikatan gwamnati. Gwamnatin tarayya ta zaɓi jami'o'i uku domin horar da su: Ahmadu Bello a Zariya, da ta Ife, da ta Nsukka. A Kongo aka kafa sashe na musamman na nazarin ƙananan hukumomi. Yanzu aikin ya sami duk abin da ake bukata ga sana'a mai daraja: makaranta, da takardar shaida, da matakala, da fansho.

Amma hukumar kanta fa? A Jamhuriya ta Biyu, daga 1979 zuwa 1983, ba a yi zaɓen ƙananan hukumomi ba, gwamnoni suka naɗa kwamitocin riƙo, suka kuma ƙirƙiro sababbin hukumomi barkatai, waɗanda gwamnatin Buhari ta soke a 1984 ta koma kan 301. A 1979 gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali, matakin da talakawa suka yi maraba da shi saboda dalilai sanannu. Sai dai a sannu, yayin da wannan haraji ya gushe a ko'ina, ƙaramar hukuma ta koma dogaro da kason da ke zuwa daga asusun tarayya, wanda ya tashi daga kashi 10 cikin 100 a farkon shekarun 1980 zuwa kashi 20 a 1992. Hukumar da ba ta karɓar kuɗi daga hannun jama'a ba ta jin tilas ta yi musu bayani, su ma ba su jin kuɗinsu ne ake kashewa.

A 1984 aka naɗa Ibrahim Dasuƙi, tsohon akawun baitulmalin Sakkwato wanda ya taɓa riƙe babban sakataren ma'aikatar ƙananan hukumomi ta Jihar Arewa, ya shugabanci kwamitin sake duba tsarin. Gwamnatin Babangida ta soke ma'aikatun ƙananan hukumomi na jihohi a 1988, ta fara aika kuɗi kai tsaye, ta kuma shigo da tsarin shugaba mai cikakken iko a 1991, inda muƙamin sakatare ya koma na siyasa. Yawan hukumomin ya kai 453 a 1989, 589 a 1991, da 774 a 1996. Tsarin mulki na 1999 kuwa, a sashe na 162, ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda ya zama ƙofar da gwamnoni suka bi suka riƙe kuɗin. Haka horarren ma'aikaci ya sami kansa a ofis mai ƙarancin yanki da ƙarancin iko, yana jiran umarni daga babban birnin jiha. Ilmin da aka tara domin gyara En'e ya balaga bayan En'e ta shuɗe, magajiyarta kuma ba a sakar mata mara ba.

7.0 Matsayin Harshe Bayan 1976

Tsari ɗaya ga ƙasa ɗaya ya zo da harshe ɗaya. Ƙa'idojin kuɗi da na ma'aikata da takardun kasafi duk da Ingilishi aka tsara su, da shi kuma ake koyarwa a Zariya da Ife da Nsukka. Tsarin mulkin Jihar Arewa na 1960 ya amince da Ingilishi da Hausa a majalisar dokoki, amma a ƙaramar hukuma ta bayan 1976 sai aka wayi gari kansiloli suna muhawara da Hausa ko Fulfulde ko Kanuri ko Tibi, magatakarda yana rubutawa da Ingilishi, abin da aka rubuta ɗin kuma shi ne doka ta sani.

Kalmomin da Hausa ta samu a wannan zamani suna ba da labarin da kansu. Ma'aji da baitulmali sun ja baya a bakin jama'a, ciyaman da kansila da sakatariya suka shigo. Kafofin watsa labarai suka ƙirƙiro ƙaramar hukuma, jama'a kuwa a hira sukan ce lokal kawai. Kantoma, wanda a da Baturen bariki ne, ya sake dawowa da sabuwar ma'ana, wato wanda gwamna ya naɗa ya riƙe hukuma ba tare da zaɓe ba. Dawowar wannan kalma daga zamanin mulkin mallaka ta isa shaida a kan yadda jama'a suka fahimci abin da ke faruwa.

Masana harshe ba su zauna haka nan ba. A 1990 aka buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace, a 1991 kuma hukumar NERDC ta fitar da jerin kalmomin majalisa cikin harsuna huɗu: Ingilishi da Hausa da Ibo da Yarabanci. Sai dai an yi wannan aiki na biyu ne da tunanin Majalisar Tarayya, bisa tanadin tsarin mulki na yin amfani da manyan harsuna uku a can. Matakin da ya fi kusa da mai jin harshen gida kaɗai, wato ƙaramar hukuma, shi ne bai sami irin wannan kulawa ba. Masana siyasa suna Kongo da Samaru suna nazarin hukuma, masana harshe suna nasu sassan suna ƙirƙirar kalmomi, ba a cika haɗa ayyukan biyu wuri guda ba.

8.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a ga cewa aikin mulkin ƙananan hukumomi a Arewacin Nijeriya ya ratsa matakai uku: na koyo a bakin aiki a ƙarƙashin En'e mai ƙarfi amma maras wakilcin jama'a, na horo a Kongo daga 1954, lokacin da ilmi da aiki suka yi tafiya tare, da na jami'a bayan 1976, lokacin da takardar shaida ta yawaita iko kuma ya koma hannun jiha. Ba manufar wannan maƙala ba ce ta wanke En'e, domin waɗanda suka sha ɗauri da bulala a hannunta suna da hujjarsu. Manufar ita ce a nuna cewa hukumar da ta gabata ta iya abu biyu da magajiyarta ta kasa: tana da abin yi a hannunta, kuma tana magana da harshen da jama'a da yawa ke ji.

A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma ba gwamnan da ke da ikon rushe zaɓaɓɓiyar majalisa ya naɗa kwamitin riƙo. Idan wannan hukunci ya tabbata a aikace, tambayar da ta sa aka ɗaga matsayin Kongo a 1954 za ta sake tasowa, wato su wa za su riƙe amanar kuɗin, kuma ta yaya jama'a za su san abin da aka yi da shi. Amsar kashi na farko tana hannun sassan nazarin mulki. Kashi na biyu kuwa aiki ne na sassan harsunan Nijeriya: fassara ƙa'idojin kuɗi da dokokin majalisa, daidaita kalmomin kasafi da na kwangila, da shigar da harsunan gida cikin horon ma'aikata, ta yadda mutumin ƙauye zai iya karanta kasafin hukumarsa, ko a karanta masa ya gane, kamar yadda kakansa ya gane rasit na haraji.